Ɗaga Min Ƙafa

Auta ya haura hamsin, furfura ta ci rabin gemunsa, babban ɗansa ma ya fi shi tsawo, amma ba wanda ya taɓa tunanin canja masa suna. Mahaifiyarsa Inna ce ta fara kiransa haka, kuma abin da Inna ta liƙa ba ya ɓamɓaruwa. Sana'arsa dakon ƙwai. Da safe yakan loda kiret-kiret a gonar kaji, ya bi shaguna yana saukewa da wata farar a-kori-kura wadda farin nata sai dai a takarda. Ƙwai ne suka koya masa tuƙi. Ba ya gudu, ba ya taka birki da fushi, in ya ga rami sai ya lallaɓa shi kamar surukinsa. Na bayansa su yi ta danna hon, shi ko a jikinsa.

Ranar asibiti kuwa, kujerar gaba ta Inna ce. Gwiwarta ta dama ce ta sa ta a gaba. Likita ya ɗora ta a kan gashi da motsa ƙafa kowane mako, ya kuma ja Auta gefe ya faɗa masa ba ɓoye-ɓoye cewa in ta daina zuwa gwiwar za ta sandare, daga nan kuma sai zaman wuri ɗaya. Auta ya haɗiye maganar, bai gaya wa kowa ba.

Sai ruwan sama ya tsoma baki. Ya cinye layin su Inna, ya haƙa kwari biyu inda taya ke bi, ya bar wani dogon tudu a tsakiya. Ranar da Auta ya gwada shiga, cikin motar ya daki tudun da wata ƙara da ta fito da mutanen layi ƙofar gida. Salansar motar ta yanke ta zauna a ƙasa, matakan ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi suka kwashi taɓo. An yi taro a kan gyaran layin, an kafa kwamiti, kwamitin ya kafa ƙaramin kwamiti. Tun daga lokacin Auta yake tsayawa a bakin layi, Inna ta taho da ƙafa tana dafa bangon mutane gida-gida, shi yana biye da ita riƙe da jakarta. Jakar kawai ake ba shi. Inna ba ta yarda a riƙe mata hannu. Wata ma'aikaciyar asibiti da ta taɓa gwadawa har yau tana ba da labari.

"Auta, na gama da asibiti," ta ce masa wata rana, tana zaune a tsakar gida tana murza gwiwar.

"Haba, Inna."

"In tafi da ƙafa a gyara min ƙafa, in dawo da ƙafa in ɓata gyaran. Tsakanina da su wa ke wasa da hankalin wani? Ran da motarka ta zo ƙofar gidan nan zan shiga. In ba ta zo ba, ka gai da likita."

Ya san halinta, in ta ce ta gama to ta gama. Ya koma gida da tsoro fal cikinsa, don ya taɓa ganin tsohuwar da ta zauna ba ta ƙara tashi ba, kuma ya san mace irin Inna ba za ta daɗe a zaune ba. Matarsa ta saurare shi tana yanka albasa. Da ya gama ta wanke hannu, ta shiga ɗaki, ta fito da kuɗin da ta daɗe tana tarawa don sayen firji, ta ajiye a gabansa.

"Ga shi. Amma shi ke nan fa, ka ji? In ka dawo ka ce bai isa ba, to ni ma ban isa ba."

Bakaniken da ke duba masa mota ya kwanta a kan kwali ya shige ƙarƙashinta, ya daɗe yana ƙwanƙwasawa da sifana, sannan ya fito yana goge hannu a wando.

"Ka yi sa'a," ya ce. "Tsakiyar cikinta ne ke taɓa ƙasa, ba ƙarfen tayoyin baya ba. Da shi ne, sai ka sayi manyan tayoyi, kai kuma ba ka da fuskar mai sayen manyan tayoyi. A ɗaga mata ƙafa inci biyu, za ta shiga."

A bakin masu mota, sifirin da shokazoba da duk tarkacen da ke tsakanin taya da bodi, ƙafa ake ce musu. Bakaniken ya tura shi wajen wani mai sayar da kayan ƙafa da ake kira Orijinal, don duk abin da ka ɗauka a shagonsa, ko tsintsiyar shara ce, zai ce maka orijinal ce.

Shagon siriri ne, mutum biyu ba sa gittawa sai ɗaya ya juya gefe. Sifirin a jingine a bango, shokazoba a rataye da waya, ko'ina warin baƙin mai. Orijinal na zaune a can ƙurya a kan kujerar da aka ciro daga wata mota, har bel ɗinta yana nan. Auta ya yi sallama, suka gaisa, ya gyara murya.

"Na zo a ɗaga min ƙafa ne."

Orijinal ya dube shi daga hula har takalmi.

"Tun ba ka tambayi kuɗi ba? Malam, ai sai na faɗi farashi, ka dafe ƙirji, sannan ka ce a ɗaga maka ƙafa. Mu bi abin daki-daki mana."

"Ta mota nake nufi."

"Oho. To ita wannan ana yi."

Ya miƙe ya sauko da wani ƙaton kwali mai hoton mota a kan dutse, rana na faɗuwa a bayanta. A ciki akwai komai sabo fil, sifirin, shokazoba, kusoshi, har da ɗan littafin bayani. Auta ya ɗauki kwalin yana jinjinawa. Orijinal ya faɗi kuɗin a hankali, kamar mai sanar da rasuwa. Auta ya mai da kwalin inda yake da hannu biyu.

"Wannan na masu hawa dutse ne don nishaɗi," in ji Orijinal.

"Ni layin Inna zan hau."

"To akwai mai sauƙi. A ƙara falle ɗaya na ƙarfe a sifirin baya. Za ta tashi, za ta ɗauki kaya, sai dai za ta yi tauri, in ka taka ashana sai ka ji ta a haƙorinka. Me kake ɗauka?"

"Ƙwai."

Orijinal ya dubi fallen ƙarfen da ya ɗauko.

"Da Inna," Auta ya ƙara.

"Su biyun ba sa son jijjiga," in ji Orijinal, ya mai da fallen ƙarfen jikin bango. "Akwai kuma wani mai walda a bayan layin nan. Shi bututu yake yankawa ya liƙa. Araha kamar banza, kuma yana ɗagawa sosai. Ranar saukowar ce kawai ba ya gaya wa mutum."

Auta ya girgiza kai tun kafin ya rufe baki. Talauci daban, hauka daban.

Daga ƙarshe Orijinal ya jawo wani buhu daga ƙarƙashin tebur ya zazzage. Tubalan ƙarfe ne guda biyu da ake sawa a ƙarƙashin sifirin baya, da zobba masu kauri na gaba, da dogayen kusoshi masu lanƙwasa da za su ɗaure komai. Waɗannan ba sa taɓa laushin mota, ɗaga ta kawai suke yi kamar an sa mata takalmi mai tudu. Inci biyu cif. Kuɗinsu kuma daidai da na firji, kamar an auna. Da Auta ya biya a nan ya kama hanya, da labarin ya ƙare, da ni ma na huta.

Amma idonsa ya kai kan wasu irinsu a saman kanta, ƙura ta rufe su.

"Waɗancan fa?"

"Inci uku ne. Wani ne ya sa na kawo, ya tafi nemo kuɗi, ina jin har yanzu yana nema. In kana so zan rage maka, su bar min wuri."

"Wato inci uku ya fi inci biyu araha?"

"Yau dai."

To, Auta mutum ne da ya yi rayuwarsa yana zaɓen manyan ƙwai a farashin ƙanana. Ya ga abu ya fi yawa kuma ya fi araha ya wuce, wannan ba ya cikin jininsa. Har ya fara tunanin ɗan canjin da zai mai da wa matarsa, da irin kallon da za ta yi masa. Ya ce a ɗaure. Sai da aka ɗaure buhun tsaf Orijinal ya tuna da wata 'yar magana.

"Af. Ka san a inci uku tsofaffin shokazobanka ba za su kai ba ko? Sai an sa dogaye. Ina da na hannu, orijinal."

Ya faɗi kuɗinsu. Canjin ya tafi, ya ja wani abu mai yawa ya tafi da shi. Da Auta ya koma kan inci biyu da an wuce wurin, amma wanda ya riga ya ga inci uku a ransa, inci biyu gajarta ce a wajensa.

"To yanzu kam," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "ka ɗaga min ƙafa."

"Ka gani ko? Yanzu ka faɗe ta a wurinta," in ji Orijinal da jin daɗi. Bai rage ko sisi ba. Ya dai fito waje ya zagaya motar hannu a baya, ya tsaya ya ɗan shuri matakin da ke ƙarƙashin ƙofa. "Ka haɗa min waɗannan biyun da canjinka, in ba ka shokazoba, ba cikon komai. Su ne ma ke fara kama ƙasa. Me kake yi da su?"

Auta ya duba maganar ta ko'ina. Matakan su ne mafi kusa da ƙasa, gaskiya ne. Nauyi ne na banza. Shi kansa bai taɓa taka nasa ba, ƙafa yake jefawa ya shige. Ƙwai ba su da asara, tudun layi ba shi da abin kamawa, matarsa ba za ta ji kalmar bai isa ba. Ta kowane gefe ciniki ne mai kyau, in dai gefen direba ake nufi. Ya miƙa hannu suka tafa.

"Inci biyu na ce," in ji bakanike da ya zazzage buhun.

"Na ukun kyauta ne."

"Ban taɓa ganin kyauta a ƙarƙashin mota ba." Amma ya ɗaura. Ya duba tiyon birki ya ga bai ɗame ba, ya saita tayoyin gaba, ya kwance matakan ya aika wa Orijinal. Washegari Auta ya yi zagayensa da lodi cikakke, ko ƙwai ɗaya bai tsage ba. Da ya dawo gida matarsa ta fito ta tsaya tana kallon motar, ta ce ta yi kama da mace ta tattare zane za ta tsallake kwata. Ya ɗauki wannan a matsayin yabo.

Ranar asibiti ya sa fararen kayansa. Ya karya kan mota ya shiga layin a giya ta ɗaya, ya buɗe taga ya kasa kunne yana jiran ƙarar. Tudun ya wuce ta ƙarƙashinsa shiru. Mutanen layi suka fito, wani daga cikin 'yan kwamiti har ya ɗaga masa hannu kamar aikinsu ne. Auta ya tsaya daidai ƙofar gidan Inna, ya kashe mota, farin ciki ya cika shi har ya rasa inda zai sa kansa. Rabon da ya ji haka tun ranar da aka haifa masa ɗan fari.

Inna ta fito da sandarta. Ta dubi motar sama da ƙasa.

"Ta zo," ta ce.

"Ta zo, Inna."

Ya yi yadda ya saba. Ya karɓi jaka, ya buɗe mata ƙofa, ya zagaya ta baya ya shiga gefensa, ya kama gyara madubin da ba abin da ya same shi. Haka suke yi tun da can. Ɗa ba ya tsayawa yana kallon uwarsa tana kokawa da ƙofar mota, ita ma ba za ta so ba. Shi ya sa a duk shekarun nan bai taɓa ganin yadda take shiga ba. Yakan ji motar ta ɗan girgiza, ya juyo ya tarar da ita a zaune tana gyara mayafi.

Yau motar ba ta girgiza ba. Ya gyara madubin, ya sake gyarawa. Da ya juyo, kujerar ba kowa. Saman ɗankwalinta kawai yake gani, da hannunta riƙe da bakin ƙofa, jijiyoyin sun tashi. Ya sauko ya zagayo.

Tana tsaye tana kallon ramukan kusoshi guda biyu a jikin motar, inda matakin yake a da. Daɓen motar yanzu ya wuce gwiwarta sosai.

"Ina abin takawar?"

"An cire, Inna."

"An cire."

"Shi ke kama ƙasa."

"Ni ma shi ke kama ni," ta ce.

Auta ya auna tudu, ya auna ƙwai, ya auna kuɗin firji, bai auna Inna ba. Ya ruga cikin gida ya ɗauko 'yar kujerarta ta tsugunno ya ajiye a gindin ƙofar. Ƙasar wurin ruwa ya zaizaye ta, ta karkace. Inna ta ɗora bakin sandarta a kan kujerar ta ɗan danna, kujerar ta kife ta gangara cikin kwarin.

"Wannan asibitin za ta kai ni," ta ce, "sai dai ba sashen da nake zuwa ba."

Ba wanda ya yi dariya. Mutanen layi na tsaye a ƙofofinsu, kowa ya sami abin da yake kallo a sama. Auta ya san ba abin da Inna ta tsana kamar a tsaya ana kallonta ta kasa. Ya san abin da zai biyo baya. Za ta juya, ta shige gida, ta ja ƙofa, kuma ba motar da za ta sake fito da ita ko da a tsakar gidan aka ajiye ta. Ga mota a ƙofar gida, ga firji ya tafi, ga shi tsaye da fararen kaya kamar wawa.

Ta yi magana ƙasa-ƙasa, ba ta dube shi ba.

"Auta. Ɗaga min ƙafa."

Abin da yake tsoro ke nan.

"Inna, don Allah ban da yau. Na ɗaga miki wancan makon, na ɗaga miki na gabansa. Likita ya ce in kika daina zuwa..."

"Na ji abin da ya ce. A gwiwa ciwon yake, ba a kunne ba." Ta buga sandar kusa da takalminta na dama. "Ƙafa na ce. Wannan. Ta ƙi tashi. Ɗaga."

Ya daɗe yana kallonta kafin maganar ta shige shi. Sannan ya sa gwiwa ɗaya a ƙasa, cikin taɓon, ya kafa ɗayar. Ya kama diddigenta da hannu biyu. Bai san rabon da ya taɓa jikin uwarsa ba, wataƙila tun yana kama gefen zanenta a kasuwa. Diddigen duk faso, idon sawun a kumbure, da ɗumi. Ya ɗaga ƙafar a hankali ya ɗora a kan cinyarsa. Ta saki ƙofa ta dafa kafaɗarsa, dafawa ta gaske, ta sakar masa nauyinta. Ya tallafo bayanta ya miƙe da ita gaba ɗaya.

Ya tattara ƙarfin ɗaukar lodi, sai ya ji ba lodin. Matar da ta goye shi, ta goye yayyensa, wadda muryarta kaɗai ke tsai da faɗa a layin nan, ba ta da nauyin komai. Tausayi ya kama shi. Ya ajiye ta a kujera yadda yake ajiye kiret na ƙarshe, ya shigar da ƙafar, ya miƙa mata sandarta, ya rufe ƙofa. Ya ɗan jima a bayan motar yana duba wata igiya da take ɗaure lafiya lau, kafin ya shiga.

Inna na kallon waje. Daga wannan tsayin ana hango tsakar gidan maƙwabta ta saman katanga.

"Ashe akuyar tasu ce," ta ce. "Suka rantse min ba su da akuya."

"Inna, gobe zan koma in karɓo matakin."

"Da wane kuɗin? An sake tara na wani firjin ne?"

Bai tambayi yadda ta sani ba.

"Bar shi," ta ce.

"To yaya za ki riƙa hawa?"

"Yadda na hau yanzu."

Ta juyo ta dubi cinyarsa. Ga shatin takalminta nan a kan farin wandon, raɗau, har da zanen ƙasansa. Ta miƙa hannu ta kakkaɓe, ta sake kakkaɓewa, bai fita ba. Ta bar hannun a wurin na ɗan lokaci kafin ta janye.

"Sai dai ka riƙa sa wando mai duhu ranar asibiti," ta ce. "Ta da motar, kada su ba wani layina."

Ya ta da mota, ya juya kanta a hankali. Suka bi ta kan tudun har bakin titi, ba abin da ya taɓa ƙasa.